Desley Mai Tsutsa da Wurin Babanta a Bakin Rafi

Desley Zillman ba ta da abokai da yawa a tsibirin, kuma ba ta neman ƙari. Ta haura sittin. Gajera ce kakkaura, ranar gaɓar Queensland ta gasa mata wuya da damatsa har sun koma kamar tsohuwar jaka. Sana'arta kamun tsutsar yashi, doguwar nan da masu fatsa ke sa wa ƙugiya, kuma duk gaɓar gabas an yarda babu hannu irin nata. An kuma yarda babu baki irin nata. In ka sayi tsutsa a wurinta, gyaran da za ta yi maka zagi ne.

Idan teku ya janye, sai ta shiga inda ruwa ke lasar yashi yana komawa, riƙe da buhun raga cike da ruɓaɓɓun kawunan kifi. Ta yi ta kaɗa shi a cikin ruwan. Wari ya bazu, tsutsa ta leƙo kai kamar tsinken ashana. Sai ta durƙusa ta miƙa mata guntun nama da hagu, ta nutsa yatsu biyu na dama cikin yashi, ta jira har tsutsar ta ɗaga wuya, sannan ta cafke ta zaro a hankali. Wata ta kai tsawon hannu, wata ta wuce. Mai garaje kai kawai yake tsinkewa. Warin buhun ya kama fatarta, ya kama kujerun tsohuwar a-kori-kurarta, wadda tsatsa ta cinye har ana hango yashi ta ƙasan ƙafar direba.

A wurin babanta Len ta koyi aikin. Ma'aikacin katako ne, tun zamanin da ake sare itatuwa a tsibirin. Duk kakar kifi, idan sanyi ya fara sauƙi, yakan loda iyalinsa a tsohuwar jif, su hau jirgin fito, ya rage iskar tayoyi, su bi bakin teku har Rafin Dawson. A gefen arewa na rafin akwai wani lungu bayan tudun yashi, da bishiyoyi masu siraran ganye, ga inuwa, ga ruwan daɗi, iska ba ta kai wa can. Nan yake kafa tanti. Da uwarsu ta rasu, Desley ce ta riƙe ƙanenta Warren, wanda ta ba shekaru da yawa: ita ta yi masa wanka a rafin, ita ta cire masa ƙugiya daga babban yatsa. Ta yi aure, auren ya mutu. Ta yi aiki a rumfar gyaran kifi, ta yi a gidan mai, duk ta bar su da faɗa. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne lungun. Da Len ya mutu aka ƙone gawarsa bisa al'adarsu, ita da Warren suka zuba tokar a bakin rafin, kuma Merv Tierney, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke maƙwabtaka da su a zango tun suna yara, ya ce ko a ranar sai da suka yi cacar baki kan wanda zai riƙe tulun.

A takardar hukuma babu mai wuri. Ka sayi izinin kwana, ka kafa tanti inda ka tarar babu kowa. Amma tsofaffin masu fatsa suna da tasu ƙa'idar. Kowane gida yana rataye ƙwallon raga, irin wanda ke riƙe koma a saman ruwa, a jikin bishiyar wurinsa, kuma wanda ya san tsibirin in ya ga ƙwallo sai ya ƙara gaba. Na gidan Zillman ja ne, Len ne ya ɗaure shi da hannunsa.

Warren ya daɗe a Brisbane yana dillancin tsofaffin motoci. Da kasuwa ta juya masa baya, ya dawo da sabuwar dabara. Ya sayi babbar jif fara da tirela, ya yi hayar wasu uku, ya shiga ɗibar matasa 'yan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje. Shi a gaba, su a baya suna tuƙa kansu, yana ba su umarni ta rediyon oba-oba. Irin wannan ayari yana bukatar wuri mai kyan hoto, kuma Warren ya san wanda ya fi kowane.

Kakar farko gefenta ya sauka. Kiɗa, ihu, takardar bayan gida a bayan tudu, ragowar nama a buɗe har karnukan daji suka saba da wurin, ɗaya ya yaga mata tanti. Ba ta kai ƙara ba. Buhun kawunan kifinta ta rataye ta inda iska ke bi zuwa madafarsu. Baƙi biyu suka yi amai a kan karin kumallo. Haka suka ƙare kakar, ba gaisuwa.

Kaka ta biyu ya riga ta zuwa. Ta sauko daga jirgin fito, ta iso rafin, ta tarar da tantuna jere a lungun kamar kasuwa, an girke tamfol babba daidai inda Len yake hura wuta. Ƙwallon ja yana yashe a gindin tudu.

Warren ya fito yana goge hannu da tsumma, hula a karkace.

"A'a, uwar tsutsa! Tun daga nesa hancina ya gaya mini kin iso."

"Wa ya kwance ƙwallon nan, Wazza?"

"Iska mana. Kin san igiyar ta tsufa. Kamar wasu."

"Iskar da ke yawo da wuƙa? Dubi bakin igiyar."

"Des, ina da takarda. Kina so ki gani? Ko sai na karanta miki?"

"Wurin Baba ne."

"To ni a bola aka tsinto ni? Ubana ne ni ma. Ga fili can tsallaken rafi, babu mai damun ki, ke da ƙudajenki."

Ta je wurin jami'ar gandun daji. Matar ta saurare ta, ta ce doka ba ta san ƙwallo ba. Ta je wurin Merv da sauran tsofaffi. Suka ce Warren bai kyauta ba, amma faɗan 'yan gida ɗaya ne, ƙwallon na Zillman ne, shi ma Zillman ne. Desley ta kira su ragwaye, ta haye kudancin rafin ta kafa tanti a fili. Iska ta yi ta cusa mata yashi a shayi da burodi. Duk safiya tana hango hayaƙi na tashi daga lungun, tana jin dariyar mutanen da ko sunan Len ba su sani ba.

Abin ya faru wata rana da hantsi, kaka ta yi nisa. Teku ya riga ya juyo. Desley ta gama aiki, tana wanke tsutsa a bokiti kusa da mashigin, motarta tana tsaye a kan yashi mai tauri. Ayarin Warren ya ɓullo daga kudu, sun makara, yana sauri ya haye kafin ruwa ya rufe hanya.

Duk yaron da ya girma a tsibirin ya san ba a tsayawa a cikin rafi. Ko ruwan iya idon sawu ne, yana gudu, yana ƙwaƙule yashi daga ƙarƙashin taya. Ka sa mota a ƙaramar giya ka shiga, ka tafi, kada ka ɗaga ƙafa. Warren da kansa yana faɗa wa baƙinsa haka kowace safiya. Amma ya ga yayarsa a sunkuye da bokiti, ga 'yan mata a cikin motarsa, bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya taka birki a tsakiyar mashigin, ya sauke gilashi.

"Jama'a, ku duba hagu! Wannan ita ce dabbar da ta fi kowace tsufa a tsibirin. Kada ku ba ta abinci, tana cizo!"

Aka yi dariya. Ya ƙara wata maganar, aka sake dariya. Da ya taka mai, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya. Ya ƙara wuta, suka tona. Kafin ya sauko, cikin motar ya kusa zama a kan yashi.

Bai ruɗe ba da farko. Ya sa samarin suka kwance tirelar suka tura ta baya, ya ɗauko shebur, ya ƙara rage iska. Ya kira ɗaya daga cikin motocin hayar ta ja shi, amma yarinyar da ke tuƙi jiya ta fara taka yashi, ta saki ƙafa da ƙarfi, tata motar ma ta fara nutsewa. Da ƙyar aka fitar da ita. Warren ya dubi teku, ya kora motocin uku su hau busasshen yashi, don kada ya yi asarar huɗu. Sannan ya juyo.

Desley tana zaune a bayan a-kori-kurarta, tana shan shayi a kofin ƙarfe. Igiyar jan mota tana naɗe a gefenta.

A bakin tekun nan akwai abin da ya fi ƙwallo a bishiya ƙarfi. Ba a wuce motar da ta kafe, kuma ba a ciniki a kanta. Ko wanda ya kwashe maka mata ne, ka ja shi tukuna. Shi zai kwanta a laka ya ɗaura igiya, shi zai kawo maka kwalin barasa daga baya, kai kuma kana da izinin yi masa dariya har ya mutu. Amma ja kam dole ne, domin teku ba ya jiran kowa, kuma gobe kai ne.

"Des! Kawo motar!"

"Da wa kake? Dabba ba ta jin magana."

"Haba, wasa ne. Kawo igiyar, ruwa na zuwa."

"Ina gani. Yana da kyau yau."

Taguwar farko ta shigo bakin rafin, ta wanke tayoyin, ta koma. Motar ta ɗan ƙara zama.

"Desley, don girman Allah."

Ta ajiye kofin. "Ka kwashe tantunanka daga wurin Baba. Yau. Sai in ja ka."

Warren ya tsaya da shebur a hannu. Wani ɗan Holan da ke cikin baƙin ya faɗa daga baya cewa ya ɗauka mutumin zai jefe ta da shi.

"Ciniki kike yi da ni? A kan mota a ruwa?"

"Kai ne dillali. Ga tayi."

"Kin haukace. Da Baba yana nan da ya tofa miki yawu."

"Da yake kwance yana tofar da jini, ni ce nake riƙe masa kwano. Kai kana ina? Kana sayar wa tsofaffin mata motocin da ba su da birki."

"Eh, kin riƙe kwano, kin kuma hana kowa shiga ɗakin! Ni da ubana sai na nemi izini wurinki!"

"Sau nawa ka nema?"

Suna wannan, ruwa yana aikinsa. Baƙin sun taru a kan tudu, wasu suna ɗauka da waya. Taguwa ta bugi ƙofar direba, kumfa ya fantsama har gilashi.

"To, na ji!" in ji Warren. "Ɗauki wurin! Ki ci, ki sha, a binne ki a ciki. Kawo igiyar!"

Merv ya ce daga baya, da ta tashi a lokacin, da motar ta fita. Amma Desley ta san ƙanenta tun yana cikin tsumma, ta san alkawarinsa ba ya kwana.

"Faɗa a oba-oba," ta ce. "Kowa ya ji. Ina son shaidu."

Sai ya kutsa cikin ruwa har gwiwa, ya zura hannu ta taga ya jawo abin maganar. Duk masu mota a gaɓar tasha ɗaya suke kamawa: masu fatsa, direbobin ayari, mai shagon ƙauye, har mutanen jirgin fito.

"Jama'a, Warren Zillman ne. Na kafe a Rafin Dawson, ruwa ya kai ƙofa. Yayata Desley tana nan da mota da igiya tun ɗazu. Ta ce ba za ta ja ni ba sai na bar mata wurin tanti. To ku shaida, na bar mata. Kun ji ko? Ta ce tana son shaidu."

Sai wata murya a rediyon, da ba a gane mai ita ba, ta ce, "Tir."

Desley ta tayar da motarta, ta yi baya da ita har bakin ruwa, ta jefa masa igiyar. Ya nutsa ya ɗaura, ya taso yana tari. Ta ja da gudu, igiyar ta miƙe, ta yi ƙara, jif ɗin ta girgiza ba ta motsa ba. Ta koma ta sake. A karo na uku nata tayoyin suka fara tona. Merv ya iso a guje da tasa motar, shi da wasu mutum biyu, aka haɗa igiya biyu aka ja tare. Yashi ya riga ya riƙe jif ɗin kamar siminti. Wata babbar taguwa ta zo ta shiga ta tagogi, injin ya yi tari ya mutu, fitilun suka yi ta ƙiftawa su kaɗai. Merv ya ce a kwance igiyoyi kafin a rasa wata.

Suka tsaya a busasshen yashi suna kallo. Ruwa ya hau kan murfin injin, ya karkatar da motar. Kular ƙanƙara da takalma da wata hular kwano suka fito suna yawo a kan kumfa. Warren ya juya wa yayarsa baya. Ya rarraba baƙinsa a motocin uku, ya shiga ɗaya.

Merv yana naɗe igiyarsa ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Na san ki tun ba ki fi bokitin nan tsawo ba, Des."

"To sai me? Shi ya tsaya a rafi. Ni na taka masa birki?"

"Wauta ya yi. Kowa yana yi. Ke ba wauta kika yi ba."

"Lokacin da ya yanke ƙwallon Baba ina bakinka yake, tsoho?"

"Ƙwallo daban, ruwa daban," in ji Merv. Ya jefa igiyar a mota ya tafi.

Wannan karon Warren ya cika alkawari, ko don ba shi da zaɓi. Washegari aka kwashe tantunan. Kafin kaka ta ƙare ya mayar da motocin haya, ya koma birni, an ce yana tuƙin motar kai kaya. Bai sake taka tsibirin ba. Desley ta haye rafin, ta share lungun, ta tsince murafun kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ta kafa tantinta a inuwa.

Babu wanda ya zo ya yi mata faɗa. Kwana kaɗan sai ta ga Merv ya tattara ya koma can arewa bayan duwatsu, wurin da ko ruwan daɗi babu. Gidaje uku suka bi shi. Masu sayen tsutsarta suka ragu; mutanen da suka shekara suna cewa tsutsar shago mai ƙanƙara ba ta kama ko ƙwaro, su ne yanzu suke layi a shagon. Waɗanda suka rage baƙi ne da ba su san labarin ba. In an tambaye ta, amsarta ɗaya ce: ba ta karya dokar kowa ba, ta jefa igiya, ta ja har sau uku, akwai shaidu. Duk wannan gaskiya ne.

Hukuma ta turo babbar motar haƙa don fitar da jif ɗin. Suka samu rufin da ƙofofi biyu, sauran yashi ya haɗiye. Aka ce shi ke nan. Amma rafin yakan sauya hanya bayan kowane hadari, kuma da kaka ta zagayo sai ga ƙarafunan jif ɗin sun fito, jajaye da tsatsa, da sitiyarin a tsaye, daidai gaban lungun.

Warren ba shi kaɗai ne mai ayari ba. Sauran direbobin sun daɗe suna neman abin nuna wa baƙi tsakanin jirgin fito da wani tafki da ke cikin daji, tafiya ce mai tsawo babu komai sai yashi da ruwa. Yanzu sun samu. Idan teku ya janye, ayari bayan ayari suke tsayawa a kudancin mashigin. Matasa su sauko, su hau ƙarafunan, su riƙe sitiyarin a ɗauke su hoto. Direba ya ba da labarin, kowa da irin gishirin da yake sawa. A bakin wani, motar cike take da yara. A bakin wani, tsohuwar tana dariya tana cin tuffa. Daga nan sai a nuna bayan tudu, inda hayaƙi ke tashi, sai wayoyi su juya can. Mutanen da ke tsayawa a gaban wurin Len a rana ɗaya yanzu sun fi waɗanda Warren yake kawowa a mako.

Kwanan baya wani direban ayari, ƙato mai gemu, ya hango ta tana fitowa da buhunta. Ya ɗaga hannu.

"Ga ta nan da kanta! Inna Des, ki ɗan tsaya kusa da motar mana, yaran suna son hoto da ke."

"Ka matsar da garkenka. Suna taka mini wurin tsutsa."

"Ina da takarda, Inna."

Ta dubi tayoyinsa, ta dubi ruwan da ya fara juyowa. Shi ma ya bi idonta ya duba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya tafa hannu ya ce kowa ya shiga mota.

Desley ta shiga ruwa ta fara kaɗa buhunta. Daga kudu, wani ayarin ya riga ya ɓullo.